Jar Gyaɗar Inna

Wata Alhamis ce a ƙarshen bazara, shekarar da aka sa ni jardan a Malbaza, wato ajin da ake tara yaran da ba su isa lakwal, makarantar boko, ba don iyayensu mata su samu su yi daka cikin kwanciyar hankali. Gari ya ɗau zafi tun hantsi, hadari yana ta alkawari daga gabas ba ya cikawa. Muna zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfar zana, kowa da yankin takardar buhun siminti a gabansa, ga gwangwanin jiƙaƙƙen ƙaro a tsakiya. Abin da nake tunawa da kaina shi ne jan tafin hannuna da garɗin da ke bakina. Sauran labarin an sha ba ni shi, har ya zama kamar ni na tsaya na gani.

Malamarmu Madam Hamsatu ce, Bazabarmiya daga wajen Doso, aiki ya kawo ta. Hausarta ta isa cefane da tsawata wa yara, daga nan kuma sai a hankali. Mace ce mai haƙuri. Ita ta bar mu muna ƙera shanun laka masu tozo ya fi kai girma, da motocin kara, da tabarau na kara waɗanda ke sa yaro ya yi kama da ma'aikacin buro, wato ofis. Tana da wani littafin Faransanci da take bi sau da ƙafa, shi ne ya gaya mata cewa a wannan watan ƙasa ke yin fure, tsuntsaye suna waƙa, don haka ya kamata yara su yi furanni. Wataƙila a ƙasar da aka rubuta littafin haka abin yake. A wurinmu kuwa ko akuya inuwa take nema. Amma Madam ba ta musu da littafi. Ta ce kowa ya zo da ɗan hatsi daga gida, mai launi in da hali, za mu manna a takarda ya zama fure.

Yara suka zo da gero da dawa da wake, ɗan wani soja ya zo da shinkafa yana ta hura hanci. Yayata Zali, wadda ta girme ni da kaɗan, ita ta zo da abin da ya ƙayatar da kowa: ɓararriyar gyaɗa da wake, jawur, ƙunshe a ɗankwalinta. Madam ta yi murna, ta raba wa kowa.

Daga tukunyar Inna Zali ta ɗebo su. Inna kakarmu ce ta wajen uba, ita ke riƙe da irin shukar gidanmu a ƙarƙashin gadonta. Kowa a gidan ya san an barbaɗa wa irin nan jan maganin ƙwari, irin wanda ake cewa ko kaza ta tsattsaga sai ta miƙe ƙafa. Duk ranar da Inna ta buɗe tukunyar sai ta fito tsakar gida ta wanke hannu da toka, ta daɗe tana cuɗawa, tana cewa, “Wanda duk ya ci, shi da Allah.” Zali ta ji an hana ci, ba ta ji an hana ɗauka ba. Har ta gargaɗe mu cewa ba a ci. Sai dai gaya wa ɗan shekara uku kada ya ci gyaɗar da ke tafin hannunsa aiki ne da littafin Madam bai yi bayaninsa ba. Muka manna ɗaya, muka ci biyu.

Dija, Bafulatanar da ke biyowa da nono kowace safiya, ita ta leƙo ta ga bakunanmu. Ta dire ƙwaryarta. “Madam! Wanga iri na, mai magani! Ɗiyan ga sun ci?” Madam ta dubi takardunmu, furanni duk giɓi, ta dube mu, sai ta ɗora hannu a ka. Dija ba ta jira kowa ba. Ta riƙa kamo mu tana ɗura mana nono da ludayi, wai yana kashe guba. Aka tare mai amalanken ruwa, aka sauke jarkoki, aka loda mu sai likita, wato asibiti. Ni dai na ji daɗin tafiyar, ban taɓa hawa amalanke ba. Ban gane akwai matsala ba sai da na hango mahaifiyata tana gudu a bayanmu, ba takalmi, ba mayafi, ita da ko ƙofar gida ba ta leƙawa haka. Nan na fashe da kuka, sauran suka taya ni, iyaye kuma suka ɗauka maganin ne ya fara aiki.

Majo, babban ma'aikacin likitar, ya jera mu a benci yana duba idanunmu da harsunanmu. Ya ce sai ya san wane magani ne kafin ya san abin da zai ba mu, kuma a yi sauri. Baba Idi, ƙanen mahaifina, ya hau keke ya ɗauko Inna. Kafin su iso farfajiya ta cika, wasu matan suna salati, wasu suna neman Madam da ido, ita kuwa tana tsugune ta rungume mafi ƙanƙantarmu.

Inna ta sauko daga keke a natse. Majo ya ce, “Inna, wane magani kinka sa ma irin ga?” Ta dubi taron, ta dubi mahaifina da ya baro aiki, ta dubi Baba Idi. Sannan ta ce, “Karan dafi na.”

Madam dafi kawai ta ji. Ta zube a ƙasa, sai da aka yayyafa mata ruwa. Sauran mutane kuwa suka dubi juna kamar ba su yarda da kunnuwansu ba, domin kowa ya san karan dafi: jan karan nan ne da dukawa ke rina fata da shi, ba ya kashe ko kiyashi. Inna ta miƙa hannu cikin ɗankwalin Zali da aka zo da shi, ta ɗebi ragowar, ta watsa a baki, ta tauna da 'yan haƙoran da suka rage mata. “Ga shi nan. Ni da jikoki suna rarrafe cikin ɗakina, in aje mutuwa ƙarƙashin gado?”

Wata mata ce ta fara dariya, hawaye na zuba. Sai farfajiya ta ɗauka. Mahaifiyata ta zauna daɓas, ta janyo ni, ta maƙale ni har na kasa numfashi. Dija tana ƙoƙarin fahimtar da Madam bambancin dafi da karan dafi, Hausar Fulani tana gyara Hausar Zabarmawa. Baba Idi ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, “Ashe Inna, shekara da shekaru muna kallon gyaɗar ga muna haɗiyar miyau a banza?” Ta ce, “Da ban yi haka ba, kai da yayanka da kun cinye gona tun tana cikin tukunya.” Ta juyo gare ni. “Kai kuma mijin banza, kwaɗayinka ya tona mani asiri.”

Asirin kuwa ya tonu ke nan. Daga wannan shekara, da an gama girbi sai Inna ta ƙulle irinta ta aika garin Alela wajen ƙanwarta, ba ya dawowa sai ruwan shuka ya sauka. Madam ta ci gaba da furanninta, amma da tsakuwa da ɓawon gyaɗa.

Yanzu 'yata ce ke dawowa daga jardan da furen takarda mai launi, an manna shi da gam na kanti, tsaf, ba abin da zai ba yaro sha'awar ci. Irin da muke shukawa kuma a leda yake zuwa, da hoton ƙoƙon kai a jiki, kuma ba wasa yake yi ba. Na sa masa kwaɗo a ɗakin ajiya, duk da haka nakan koma in sake dubawa. Inna ta rasu da daɗewa. Ban ƙara zama a gidan da ƙarya ke tsaron yara ba.