Wanda Ya Gyara Mini Kwamfutar Baba

Jama'a, yau na ga abin mamaki, wallahi!

Ɗazu na saci kwamfutar ofishin Baba don buga wasan ƙwallo a cikinta. Kawai fuskarta ta yi baƙi ƙirin! Aikin ma'aikatarsu duk yana ciki, shi kuma ya kusa dawowa gidanmu a Kurudu. Na fara hango kabarina.

Na ɗauki waya na shiga dandalin masu gyaran kwamfuta, na rubuta, "A taimaka, yau za a yanka ni!"

Wani marar hoto ya amsa nan take. Ya ce, "Cire caja. Danne maɓallin kunnawa, kar ka saki." Na danne. Ta kawo haske!

Na rubuta, "Oga, Allah ya biya ka!"

Ya ce, "Saura filastar da Yaya yake liƙawa a kyamara. Ta faɗi ƙarƙashin kujera. Mayar da ita kafin ya shigo, Ɗan Ɓarna."

Na leƙa. Tana wurin!

Mutum ɗaya ne yake kirana Ɗan Ɓarna: Kawu Sabo mai gyaran kwamfuta, ƙanin Baba, mai ce wa Baba Yaya. Bara muka binne shi.

Na liƙa filastar ke nan, Baba ya danna hon a bakin get.