Gonar Kalilu ta Tsakiyar Ruwa

Yayana Kalilu bai iya iyo ba. Da wannan nake fara labarinsa, domin masu ba da shi yanzu tsallake wurin suke yi, ni kuwa shi ne abin da ya hana ni sukuni.

Manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Dutsi, da rani kuma yana kai igiyoyi da takunkumin shanu kasuwar Daura. Ba shi da yawan magana, amma in ya kafe a kan abu, gara ka je ka roƙi bango. Tun muna yara haka yake.

Gonar da mahaifinmu ya bar masa a kan tudu take. Da aka datse rafin bayan garinmu aka yi dam, ruwa ya ci fadama, ya ci hanya, ya kewaye tudun ya mai da shi tsibiri. Da fari masunta na ƙetarar da shi a kwale-kwale. Daga baya Sarkin Ruwa Zakiyyu, shugaban masuntan, ya lura ƙasar wurin ta yi kyau, ga danshi rani da damina, sai jirage suka fara samun uzuri. Yau iska ta yi yawa, gobe jirgi na yoyo, jibi mai jirgin ya tafi suna. Haka damina ta wuce gona ba shuka. Sai dagaci ya kira Kalilu ya ce masa ba a barin ƙasa ta zauna a banza, in wata daminar ta faɗi ba a ga fartanyarsa a tudun ba, za a ba wanda zai iya zuwa. Kowa a zauren ya san wa ake nufi.

Kalilu ya ce, "Ranka ya daɗe, za a gan ta." Ya sa takalmansa ya fito.

Ya nemi kwale-kwale ya saya, duk masu sassaƙawar suka ce itace ya yi wuya. A wurin 'yan gwangwan a Kano ya ci karo da abin: babur ɗin ruwa, irin wanda masu hali ke wasa da shi a bakin teku. Ba taya gare shi ba, ba farfela a waje. Famfo ne a cikinsa, ya zuƙi ruwa ta ƙasa ya feso ta baya, feshin ne ke tura shi. Mota ta sauke shi a bakin titi, amalanken shanu ya ƙarasa da shi gida, mutanen gari na biye suna dariya.

Bakaniken babura ya tayar da injin, nan fa ƙofar gidan ta zama kasuwa. Duk wanda ya zo kallo sai ya ce a kunna masa ya ji, Kalilu kuwa da ya gaji da dariyar mutane sai ya danna masa wuta a kan busasshiyar ƙasa, abin ya yi ta ruri har kaji su watse. Raina ya ɓaci da wannan nuni, na ce masa, "Yaya, gona za ka ko wasa?" Ya ci gaba da kunna abinsa.

Ranar da aka sa shi a ruwa, sai ga ruri ba tafiya. Ya yi ta kumfa a wuri guda, ruwa na taruwa a cikinsa, har aka jawo shi da igiya kafin ya nutse. Masunta suna zaune a kan jiragensu suna kallo. Wasu suka ce ruwan ne bai karɓe shi ba.

Amininsa Ɗantsoho, mai gyaran injin ban ruwa, shi ya kwance ƙasan. Inda sandar injin ke ratsa jikin babur ɗin ta shiga famfo akwai wani baƙin zobe, sil, wanda ke hana ruwa shiga ciki, ya kuma hana famfon shan iska. Ruwa ne ke sanyaya shi. Kunnawar da aka yi ta yi a tudu ta ƙone shi, ya tsattsage kamar ƙanzo. Ɗantsoho ya ce ko injin lambu ba a tayar da shi a bushe, bare wannan.

Irin zoben babu a Daura, babu a Katsina. Na yi murna a raina, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe shi da Ɗantsoho sil ɗin wani babban famfon ban ruwa suka samo, aka rage shi a wurin masu injin yanka ƙarfe. Kalilu ya shimfiɗa sanfefa mai laushi, takardar goge ƙarfe, a kan gilashin taga, ya zauna yana goga fuskar zoben har ta yi sumul. Suka shafa giris, suka ɗaure robar da ke riƙe zoben da sabon kilif na ƙarfe. Daga nan ko ɗan dagaci ya zo ya ce a kunna, sai Kalilu ya ce abin ba ya magana sai a ruwa. Ɗantsoho bai ɓoye masa ba, ya ce zoben zai riƙe, amma bai san iya inda zai kai ba.

Da ruwan shuka ya sauka, ya ɗaure fartanya da sungumi da irin gero a bayan kujera, ya rataya jarka biyu marasa komai a ƙirjinsa don kada ya nutse. Na riƙe rigarsa ina kuka, ban ji kunyar kowa ba. Ya ce, "Rauda, sakar mini riga, ƙasa za ta sha iska ta bushe."

Abin ya tafi. Ya tafi a karkace, yana layi, amma ya tafi. Dab da tsibirin muka ga bayan babur ɗin ya fara zama cikin ruwa, zoben ya sake. Muka ga mutum ya diro, ruwa iya wuya, kayan noma a kansa, ya taka ya hau tudu.

Sarkin Ruwa ya tura babban ɗansa da jirgi ya ɗauko shi. Jirgin ya dawo ba kowa sai mai tuƙi. Ya ce Kalilu ya riga ya fara saran shuka, ya ce a gaida Sarki, a ce masa sai bayan noman farko.

Masunta suna da al'adarsu, ba sa barin mutum da yunwa a kan ruwansu, ko da maƙiyinsu ne. Na san da haka. Na koma gida na tuƙa tuwo, na zo bakin dam na wuce kowa na ajiye kwanon a gaban Sarkin Ruwa Zakiyyu. Na ce, "Baba, na yayana ne, yana gonarsa."

Ya dubi kwanon. Sannan ya ɗauka, ya shiga jirgi da kansa, ya nufi tsibirin.