Muryar Jarka

Shekara talatin Inna mai famfo ta yi tana cika wa mutanen layinsu jarkoki, ba a taɓa ganin ta leƙa bakin jarka ba. Takan tara jarkar, ta juya baya tana hira, can sai ta miƙa hannu ta murɗe kan famfo. Ruwa ya tsaya daidai wuya, ko ɗigo bai zuba ba.

In an tambaye ta, sai ta ce, "Jarka ai magana take yi. Da muryar ƙato take farawa, in ta kusa ƙoshi ta koma ta jariri."

Surukarta, malamar kimiyya, ta taɓa yi mata bayani: "Inna, iskar da ke cikin jarkar ce ke rawa. Ruwa na hawa, wurin iskar na raguwa, shi ya sa sautin ke sirancewa."

Inna ta taɓe baki ta ce, "Sannu da karatu."

Da girma ya zo, 'ya'yanta suka fara cewa kunnenta ya yi nauyi. Ta ce su ne dai ba sa buɗe baki. Surukar ta san siririn sauti ne ke fara ɓace wa tsoho, amma ta ja bakinta.

Wata safiya Inna ta ba famfo baya, tana jiran muryar jaririn. Sai da sanyin ruwa ya taɓa dugaduganta sannan ta waiwaya. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Daga nan ta jawo kujera, ta zauna tana fuskantar jarkar.