Sali Ya Ƙi Koyon Faɗuwa

Sali mutumin Betso ne, aikinsa loda shanu a mota a kasuwar Mubi. In ya damƙi igiyar bijimi, to bijimin nan sai haƙuri. Ga wuya, ga ƙugu, ga numfashin da ba ya ƙarewa. A kokawar bayan girbi kuwa, daga Betso har Mayo Bani ba a samu wanda ya kai bayansa ƙasa ba.

Malam Japhet, mai koyar da kokawar judo a wani tsohon ɗakin taro, shi ya jawo shi. Ya ce irin jikin da ake nema ke nan, hannun da ba ya saki da ƙirjin da ba ya haki. Sai dai a judo faɗuwa ake fara koya: mutum ya danne haɓa, ya bar bayansa ya sauka, ya mari katifa da tafi. Sali ya yi gudu, ya hau igiya, ya ɗaga ƙarfe, amma da an zo kan faɗuwa sai fitsari ya matse shi.

"Koci, namiji da koyon faɗuwa? In mutanen Betso suka ji fa?"

Japhet ya yi faɗa har ya gaji ya ƙyale shi, tunda a Mubi babu mai iya ɗaga shi.

A Yola aka samu. Ranar zaɓen 'yan wasan jiha, wani siririn ɗan sanda ya shige ƙarƙashinsa, sai ga Sali a sama. Da ya saki jiki, da wasa ɗaya kawai ya rasa. Shi kuwa ya miƙa hannun dama ya tokare ƙasa. An ji ƙarar gwiwar hannun har bakin ƙofa. Mai ɗori ya yi iya yinsa, hannun ya warke a lanƙwashe, ko buta ba ya ɗauka. Abin tausayi, sai ya koma gadin ƙofar kasuwa.

Ya daure shekaru bai yi kuka ba, sai a 2014 da 'yan bindiga suka shiga Mubi, mutane suka nufi duwatsun Kamaru a ƙafa. Hagunsa na tallafe da tsohuwarsa. 'Yarsa Rukayyat ta gaji, ta ɗago masa hannuwa. Ya sunkuya ya gwada, ya sake gwadawa. Wata mata da bai sani ba ta sure ta, ta goya.

Yarinyar tana ta waiwayensa. Ya bi su a baya, yana hawaye.