Ranar da Aka Zubar wa Kaka Mercilia Miyar Kabewa

A gidanmu ni ake tambaya idan an manta shekarar da wani ya zo Amurka, ko sunan mijin wata goggo da ya rasu tun a Haiti. Hotuna da wasiƙu duk suna wurina cikin gwangwanin biskit. Wannan labarin kuwa na ga gara in rubuta shi tun kakata, Mercilia Dorvil, tana da rai, don idan na yi kuskure ta gyara mini, kuma na san sai ta gyara.

An haife ta a wani ƙauye kusa da garin Jeremi a Haiti. Ta zo unguwar Brooklyn a nan Amurka tana da shekara talatin da ɗaya, da akwati guda da 'ya'ya biyu. Shekara ashirin da shida ta yi tana jinyar tsofaffi a gidajensu, ta yi musu wanka, ta ba su abinci a baki, ta sha zagin waɗanda hankalinsu ya fara gushewa. Gajeriya ce, amma idan ta yi magana a hawa na huɗu, na kan titi yana ji. Ba ta taɓa iya dafa abincin mutum biyu ba.

A shekarar annoba mutanen unguwa suka ajiye firji a gaban shagon wanki da ke kusurwar layinmu. Mai hali ya saka, marar hali ya ɗauka, ba mai tambayar kowa. Duk Asabar Kaka sai ta kai ƙwai da madara da ayaba. A jikin ƙofar an manna takarda cewa ba a saka abincin da aka dafa a gida. Kaka tana karanta Turanci sarai, amma wannan takardar ta ce rubutunta ya yi mata ƙanana.

Mu 'yan Haiti, ranar ɗaya ga Janairu miyar kabewa muke sha. Kakanninmu sun ce a zamanin bauta mu ke dafa ta, iyayengiji su sha, bawa ko cokali bai isa ya lasa ba. Ranar da aka sami 'yanci, ɗaya ga Janairu, kowa ya sha ya ƙoshi. Tun daga nan ba a shan ta a ɓoye. Ka kai wa maƙwabci taka, shi kuma ya zuba maka tasa a kwanon da ka kawo. Kwano ba ya komawa gida wayam.

A nan matsalar Baba Antenor take. Yana zaune a ginin da ke kallon namu. Shekara talatin yana tuƙa tasi, har idonsa ya raunana aka hana shi tuƙi. Matarsa ta rasu a watan Yuni. Mutum ne da ya saba shi ke bayarwa. Ranar Kirsimeti Kaka ta kai masa abinci, ta bayan ƙofa ya ce mata ya ƙoshi. Amma ta tagarmu tana ganinsa da safe, ya ja hula har gira, ya duba hagu ya duba dama, ya buɗe firjin ya ɗauki burodi.

"Ba zai karɓi miya a hannuna ba," in ji Kaka, "don ba shi da abin da zai zuba mini a kwano. Amma a firji zai ɗauka. Ina raye, shekara ba za ta shiga Antenor bai sha miya ba."

Ƙarfe bakwai na safiyar ranar ta jera roba goma sha biyu a cikin firjin, ta dawo ta kafa kujera a taga. Kafin Baba Antenor ya fito, sai ga Odessa, wata malamar makaranta mai kula da firjin, wadda kullum take zuwa ta goge shi. Ta buɗe roba ɗaya ta shinshina, ta girgiza kai, ta fara juye su ɗaya bayan ɗaya a kwata.

Ban taɓa ganin Kaka ta sauka hawa huɗu da irin wannan saurin ba. Da silifas ta fita cikin sanyin nan, ni ina biye da rigar sanyinta a hannu.

"Ke! 'Yar nan! Wa ya aike ki?"

"Barka da sabuwar shekara, Mama," in ji Odessa. "Ashe taki ce? Ai kin san doka."

"Wace doka? Tun jiya nake tsaye a kan miyar nan. Naman ma da lemun tsami na wanke shi, sau biyu. Ɗakin girkina ya fi bakin wanda ya rubuta dokar tsabta."

"Na yarda. Amma ba suna, ba kwanan wata, ba a san me ke ciki ba. In mutum ɗaya ya yi ciwon ciki, mai shagon wankin nan ya zare wuta, shi ke nan an rufe firjin. Gida nawa ke ci daga nan, Mama?"

"A da an hana mu sha, yanzu an hana mu bayarwa!"

"A'a, Mama, kar ki mai da ni uwargijiyar bayi da sassafe. Ni ma jinin bayi ce, kakata auduga ta tsinka a gonakin Carolina har bayanta ya lanƙwashe."

Kaka ta dube ta daga sama har ƙasa. "To da tana nan da ta ja miki kunne."

Na ɗauka Kaka za ta koma gida ta yi kuka. Gida kam ta koma, amma ba ta zauna ba. Ta ɗauko rabin kabewar da ya rage, da naman da ta ajiye mana na mako, da kabeji da karas da dankali da taliya, ta cika jaka biyu, muka tsallaka titi. Ta buga ƙofar Baba Antenor da tafin hannu.

"Na ƙoshi, Mercilia," ya ce daga ciki.

"Wa ya kawo maka abinci? Kai ka cika son kanka. Zuwa na yi in gaya maka an zubar mini da miya a kwata."

Sai muka ji ana zare sakata. Ya leƙo da singileti, gemu ya yi masa buzu-buzu.

"An zubar da me?"

"Miyar kabewa. Roba goma sha biyu."

"Yau? Ɗaya ga Janairu?" in ji shi. "A kwata? Wane marar tarbiyya ne?"

"Bar wannan. Sabuwa zan dafa, in kafa ta a bakin titi kusa da firjin nasu, in zuba wa kowa da zafinta, in ga mai zubarwa. Tukunyata ta yi kaɗan. Ina babbar tukunyar marigayiya?"

Ya buɗe ƙofar sosai. Sannan ya ce, "Ba ki isa ki taɓa tukunyar nan ba. Ke kanumfari kike cika wa miya kamar mai haɗa maganin haƙori. Ni zan dafa."

"Kai? Tasi ka iya."

"Shekara arba'in da biyu ina fere mata kabewa. Shigo ki ga yadda ake yi."

Firjin ɗakin girkinsa ba kome ciki sai ruwa da rabin albasa. Kaka ta gani, ta kawar da kai, ta ce wuƙarsa ba ta da kaifi. Awa uku suna faɗa a kan wuta: a kan gishiri, a kan lokacin saka taliya, a kan ko mutanen Jeremi sun iya girki. Shi yana motsawa, ita tana tsaki.

Wajen ƙarfe ɗaya muka sauko da tukunyar, muka ɗora a kan teburin da mai shagon wanki ya ara mana. Odessa na nan ba ta tafi ba.

"Wannan ma za ki zubar?" in ji Kaka.

"Abin da ke cikin firji shi ne nawa, Mama. Wanda kika ba mutum da hannunki, tsakaninku ne." Ta tafi, ta dawo da kofunan takarda da cokulan roba.

Baba Antenor ne ya riƙe ludayi. Ya sa kwat ɗinsa na coci, ya aske gemu. Ya zuba wa masu jiran wankinsu, ya zuba wa wata mata mai goyo, ya zuba wa wani da ke kwana a tashar jirgin ƙasa. Kowa ya miƙa wa sai ya ce, "Sha, 'yanci ne." Da layi ya zo kan Odessa, ya cika mata kofi har baki, ya ce, "Ke ce ko? Sha ki ji abin da kika ba kwata."

Kaka ta miƙa masa kwanonta na gida, ya zuba mata. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Ba gishiri."

"Ƙarya kike."

"To sha ka ji, in ƙarya nake."

Ya zuba wa kansa, ya sha a tsaye a gaban kowa. Ya ce bai ji da kyau ba, ya ƙara na biyu.

Da mutane suka watse, miya ta rage kusan rubu'in tukunya, da nama a ƙasa. Ya ce ta kawo roba a raba.

"Kai ka dafa, tukunyarka ce," in ji Kaka. "Ni ba na kwasar ragowar miyar wani. Ɗauki kayanka."

Ya rufe murfin, ya rungumi tukunyar, ya tsallaka titi da ita.