Uwar Firinta da Dutsen Guga

Ina 'yar shekara tara na fara jin sunan. Wata Asabar da hantsi wani mutum ya buga ƙofar gidanmu, gumi ya jiƙe masa riga, ya ce Uwar Firinta yake nema. Babana ya ce masa ya yi ɓatan kai, uwa ɗaya ce a gidan nan, ga ta can tana wanki, kuma mutane ta haifa. Bai rufe baki ba sai ga Goggo, yayarsa da ke zaune da mu tun rasuwar mijinta, ta fito da faffaɗar jakarta a hammata. Ta ce masa ya matsa, ita ake nema. Direban ofishinsu ne, an turo shi don injin buga takardu ya ƙi aiki.

Goggo da tafireta ta fara. Su shida ne a ɗaki ɗaya suna ƙwanƙwasa tun safe har la'asar. Da kwamfuta ta shigo, aka riƙa sallamar su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage ita kaɗai. Ta koyi kwamfuta a lokacin cin abincin rana, da yatsa biyu da farko, tana yi wa linzamin faɗa idan ya gudu. Cikin shekara guda ta zama wadda ake kira idan allo ya yi baƙi. Takan ce wa mai kwamfutar ya je ya ɗebo mata ruwa, injin ba ya son ido. Yana fita sai ta duƙa ta mayar da wayar da ya cire da ƙafarsa. Ta ce mini ba ta son babban mutum ya ji kunya a gabanta, shi ya sa.

Amma sunan daga firinta ta samo shi. Wata ƙatuwa ce mai aiki da zafi da garin tawada, takarda ta fito da ɗumi kamar an ɗauko ta daga rana. Duk wanda ya zuba mata takarda sai ta haɗiye, ta yi gurnani, jar wuta ta kama ƙiftawa, a buɗe ciki a zaro takardar a cukurkuɗe. Idan Goggo ta zuba, sai ta yi ta fitowa sumul.

Mu a gida mun san dalili, sai dai ba mu san dalili ne ba. Kullum da sassafe Goggo na shimfiɗa bargo a kan tebur ta goge takardu da dutsen guga, biyar-biyar. Kayan makarantarmu sai sun bi layi a bayan takarda. Mama ta sha mita cewa ita ba ta taɓa ganin gidan da takarda ke riga mai gida samun guga ba. Ni kuwa na ɗauka dokar ofis ce, har na taɓa tambayar malaminmu ko an goge takardun jarrabawarmu.

Sai da na girma ta yi mini bayani. Siton da ake ajiye takarda bango ɗaya ya raba shi da tankin ruwa mai yoyo. Takarda ta sha danshi, ta shiga zafin inji ta lanƙwashe, ta maƙale. Sau uku Goggo ta rubuta wa manaja a gyara bangon, ba a amsa ba. Idan abokan aiki suka tambaye ta sirrinta, takan ce takarda ce, su kwashe da dariya su ce ba ta son faɗa ne. Da ta gaji sai ta daina. Ta kuma yarda cewa da aka fara zancen rage ma'aikata, shirun nata ya ƙara nauyi da gangan.

Saura shekara biyu ta yi ritaya aka kawo sabon manaja. Ya ce ofis ba zai dogara da tsohuwa ɗaya ba. Za a kira injiniya ya gyara firinta kowa ya buga abinsa, kujerar Goggo kuma a ɗauke ta. Idan aka sallame ta kafin cikar shekarunta, fanshon da ta yi shekara talatin da uku tana jira ya tafi ke nan.

Ranar da injiniyan zai zo, Goggo ta shimfiɗa bargo za ta fara gugar takardu. Babana, wanda ko hularsa bai taɓa gogewa ba, ya ce Yaya ta zauna ta huta, yau shi zai yi. Ya yi kuwa, yana fito, yana ba mu labarin yadda aikin ba shi da wuya.

Injiniyan matashi ne mai ladabi. Ya buɗe injin, ya hura, ya share, ya canja abin da ke jawo takarda. Aka zuba takardar sito, ta maƙale. Ya sake kwancewa ya ɗaura, ta sake maƙalewa. Goggo ta zaro tata daga jaka ta zuba, ashirin suka fito a jere. Ya ɗauke su yana juyawa ɗaya-ɗaya, sai ya tsaya a kan ta goma sha huɗu. A bayanta akwai wani tabo ja-ja mai tsini, har da ɗige-ɗigen ramukan tururi.

Ya rage murya ya ce, "Mama, wannan ai sawun dutsen guga ne."

Ta ce, "To ɗana, idonka lafiya lau."

Ya shiga sito ya shafa bango, ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce ta yi haƙuri, dole ya rubuta gaskiya. Ta ce ya rubuta, ita ma ta rubuta sau uku. Ya zauna ya tsara rahotonsa a kwamfuta: inji lafiyarsa ƙalau, takarda ce ke da danshi, a gyara bango. Ya tura wa firinta, ta haɗiye. Ya tsaya yana kallon jar wutar, sannan ya juyo a hankali ya tambaye ta ko za ta ara masa falle biyu. Ta ba shi. Ita ta haɗa rahoton da za a kore ta da shi, ta kai tiren manaja da hannunta.

Mako guda gidanmu ba mai dariya da ƙarfi. Goggo ta fara kwaso kayanta daga ofis, yau kofi, gobe matashin kujera. Babana ya daina haɗa ido da ita, idan ya ji tafiyarta sai ya ɗaga jarida.

Ran nan manaja ya kira ta. Rahoton na nan cikin tire, an ɗora masa kofin shayi. Ya ce ba shi da lokacin karatu, ta gaya masa a taƙaice abin da yaron ya gano.

Ta ce, "Ya ce takarda ce, ranka ya daɗe."

Manaja ya yi tsaki. Ya ce an faɗa masa haka take ce wa kowa, ashe har injiniyan ta koya wa. Ya ce shi ya gaji, ta koma ta ci gaba da lallaɓa abarta har Allah ya kawo sabuwa. Washegari kofi da matashin kujera suka koma ofis.

Ta cika shekarunta cif. Bayan tafiyarta suka sayi sabuwar firinta mai tsada, kuma wata Asabar da hantsi direban nan ya sake buga ƙofarmu.

Ni ce mai rubuta tarihin gidanmu a littafi, wa ya haifi wa, wa ya yi me. Da Goggo ta ji na iso kanta, ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Na zaci za ta ce in ɓoye zancen gugar ne.

Ta ce, "Magatakarda, rubuta duka, ba abin kunya. Abu ɗaya nake roƙo. Ki sa a ciki cewa babanki ne ya ƙona takardar nan. Shekara goma sha ɗaya ina guga, ban taɓa ƙona ko falle ɗaya ba."