Sarƙa mai lamba 428 da dashen albasar Kawu

Ana sallame sallar asuba muka bar Shanga, ni da wani ɗan uwana, a kan tsohon babur ɗina. Mun ɗaure buhu uku na dashen albasa a jiƙe. Ruwan tafki ya ja baya, Kawu ya gyara fadamarsa a Wara, dashen kawai yake jira, shi kuwa dashe ba ya jure rana.

A Yelwa muka sha kunu da ƙosai kusa da masu kifi. Tun da aka ba mu jiha komai ya ƙara kuɗi, har ƙosan ya rame. Muna wuce Birnin Yauri na ji ƙas, babur yana ihu amma ba ya tafiya. Sarƙa ta tsinke. Laifina ne, sau uku ina rage mata tsawo duk lokacin da ta saki, don kada in sayi sabuwa.

Muka tura zuwa wurin wani bakanike a gindin mangwaro. Sabuwa ɗaya gare shi, mai lamba 420, tawa kuwa 428 aka buga a jikinta. Tsawon gaɓoɓinsu ɗaya, amma tasa ta fi siranta, ta ƙi zama a kan haƙoran da sarƙa ke hawa. Sai ya jawo magagari.

"Malam, sarƙa ai sarƙa ta," in ji shi. "Bari in goge haƙoran, yanzu ta zamna. Duk garin ga haka muka yi."

Na ce ba a kan babur ɗina ba. Haƙorin da aka sirance, yashin Ngaski zai cinye shi, mu tsaya a dajin da babu ko rijiya, dashen duka ya mutu. Mazauna bencin bakaniken suka yi mini ca, wai ɗan boko ya zo koya wa maƙeri riƙon guduma. Har ɗan uwana ya bi bayansu, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan. Na bar shi yana yayyafa wa buhuna ruwa, na rataya tsohuwar sarƙa a wuya, na hau motar albasa na koma Yelwa.

A shago na uku na samu. Na dawo na ƙirga gaɓoɓin da kaina, na sa makullin da ke haɗa bakunan sarƙar, rufaffen kansa yana duban inda sarƙa ke tafiya, na bar mata sakin yatsa biyu. Daga nan har Wara, yashi da kwazazzabai, ko tari babur bai yi ba.

La'asar sakaliya muka isa. Buhu biyu lafiya lau, na saman kuwa ya dahu. Kawu ya damƙi ganyen.

"Taurin kan nan naka, na uwarka na," ya ce, ya miƙa mini fartanya.

Kwana biyu muka yi muna dashe, muna cin tuwo da miyar kifi, sannan muka dawo gida. Na koyi duba lamba kafin saye, da canza sarƙa tun tana gargaɗi. Ko gobe ba zan yarda da magagarin nan ba. Sai dai kashi ɗaya cikin uku na fadamar Kawu bana ƙasa ce tsirara, kuma ba bakaniken ne ya jawo ba, ni ne.